ZAUREN MALAM: A Kwaikwayi Gwani, Sa'an Nan A Fita A Zana Tiga

 

Duk wanda ya saba shiga gidajen 'yan'uwa daga Bebeji zuwa Kiru, har ya gangara Tudun Wada da Doguwa, ya san abin da yake rataye a bangon ɗaki. Kalanda ce, wani lokaci ma ta shekarun baya, an ƙi cire ta saboda hoton da ke kanta. A hoton akwai dutse mai farar ƙanƙara a ka, da tafki, da ɗan gida mai jan rufi, da shanu masu ƙiba marasa tozo. Wannan ba laifi ba ne. Amma ku ba yaron gidan takarda da fensir, ku ce ya zana muku wuri mai kyau. Zai zana gida mai bututun hayaƙi, alhali kuwa bai taɓa ganin irinsa a Kiru ba. Kukar da yake wucewa kowace safiya a hanyar makaranta ba za ta shiga takardar ba, balle rumbun babansa. Ba da saninsa ba, yaron ya riga ya ɗauka a ransa kyau yana can wata ƙasa, nan kuwa sai ƙura da wahala. Yaro mai irin wannan zuciya, ran da ya sami kuɗin mota, ba ya waiwayen gida.

Maganin da za mu kawo zai yi kamar ya saɓa wa hankali. Muna so a sa yaron, ko yarinyar, ya zauna da fentin mai ya kwaikwayi zanen wani Bature da ya mutu shekara fiye da 300 da suka wuce. Ku yi haƙuri ku bi mu, za ku ga inda muka nufa.

Da fari sai mu kwantar wa dattawa rai, gama mun san wasu sukan ɗaure fuska in an ambaci zane. Tsoronsu ba na banza ba ne. Da yawa cikin iyayenmu a wannan yanki da ƙyar suka rabu da tsafi, sun kuma san doka ta biyu, a Fitowa sura 20, ta hana a yi siffa domin a yi mata sujada. Amma a buɗe gaba kaɗan. A sura 31 Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin hannu, na zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. A sura 35 an ƙara da cewa shi da Oholiyab an ba su baiwar koya wa waɗansu. Bangon Haikalin Sulemanu ma an sassaƙa masa itatuwan dabino da furanni, kamar yadda 1 Sarakuna sura 6 ta nuna. Sujada ga aikin hannu ita aka hana. Wanda ya zana dutsen Riruwai ya rataye a ɗakinsa bai durƙusa wa dutse ba. Ya dai tsaya ya dubi aikin Mahaliccinsa da kyau, abin da yawancinmu ba mu da haƙurin yi.

Batun kwaikwayo kuwa, Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Yaron maɗinki ba ya ƙago aska takwas da kansa. Tsohuwar riga ake shimfiɗa masa, ya bi zare bayan zare, har hannunsa ya san hanya. Haka yaron maƙeri, haka mai zanen ƙwarya, haka maginin da yake yi wa zaure ado. Musa ma ba da ka ya yi alfarwa ba, fasali aka nuna masa a kan dutse ya bi. A ƙasarmu Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, ya koya wa kansa zane ta wurin kwaikwayon hotunan littattafai da jaridun Turawa. Sai a 1920 ya tafi Landan karatu, bayan hannunsa ya riga ya faɗa.

To, wane zane za a kwaikwaya? Mun zaɓi wani ɗan ƙarami wanda labarinsa yana cikin Littafi Mai Tsarki. Mai shi Kulod Loren, da harufansu ana rubuta Claude Lorrain, mutumin yankin Loren ne da ke cikin Faransa a yau, amma a Roma ya yi yawancin rayuwarsa har ya mutu a 1682. A 1646 ya zana Hajaratu da mala'ika. Kun san labarin a Farawa sura 16: baranyar Saraya ce, tana da ciki, uwargijiyarta ta matsa mata har ta gudu, mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓugar ruwa a hanyar Shur, ya ce ta koma, ya kuma faɗa mata sunan ɗan da za ta haifa, watau Isma'ilu. Zanen a tsaye yake, tsawonsa wajen santimita 52, faɗinsa 42, bai kai faifai biyu ba. Manyan itatuwa masu duhu sun tashi a hannun dama sun kusa taɓa saman zanen. A ƙasa, cikin inuwa, ga Hajaratu da mala'ikan, ƙanana ƙwarai. Bayansu kogi ne da gada da gari a kan tudu, can nesa kuma duwatsu suna narkewa cikin hasken sama. Yau yana babban ɗakin ajiye zane-zane na ƙasar Ingila, Nashanal Galari, a Landan.

Abin da ya sa muka zaɓe shi wani labari ne dabam. Zanen ya taɓa zama a hannun wani attajirin Ingila, Sa Joj Bomon, wanda yake ƙaunarsa har ya sa aka yi masa akwati yana tafiye-tafiye da shi. Wata rana ya nuna wa wani saurayi, ɗan mai injin niƙan hatsi a wani ƙauye na gundumar Safok. Sunan saurayin Jon Kwanstabul, ana rubuta John Constable. Ba ɗan sanda ba ne, sunan gidansu ke nan. An haife shi a 1776, uban yana so ya gaje shi a sana'ar hatsi. Ganin zanen nan ya shiga ran yaron. Ya dube shi, ya yi nazarinsa, har ya san yadda aka jera kome a ciki. A 1802 sai ya hau tudu a ƙasarsu, ya zana kwarin Dedham inda ya yi wasa yana yaro. Wanda ya ajiye zanen biyu gab da juna zai ga ƙashin bayansu ɗaya ne: itatuwa masu duhu a dama, kogi yana lanƙwasa a tsakiya, haske a nesa. Amma babu Italiya a ciki ko kaɗan. Hasumiyar majami'ar Dedham ce, da gonakin maƙwabtansa, da gizagizan Ingila masu nauyin ruwa. Ya ari idon gwani ya dubi gidansu.

Bai kuwa daina koyo ba. A 1823, yana da shekara 47, bayan ya riga ya zana mashahurin hotonsa na keken ciyawa yana ƙetare rafi a 1821, ya koma gidan Bomon ya yi makonni yana kwaikwayon zane-zanen Kulod kamar ɗan aji ɗaya. Hoton keken ciyawan nan ba wanda ya saye shi sa'ad da aka fara nuna shi a Landan. Sai da aka kai shi Faris a 1824 aka ba shi lambar zinariya. Annabi da garinsu, kun san sauran.

Yanzu ga aikin. A sa wani mai waya ya nemo zanen a intanet da sunan mai shi, a kai shagon masu buga takardu a buga kwafi biyu, ɗaya mai launi, ɗaya baƙi da fari. Kada a yi aiki daga fuskar waya. Haskenta yana ruɗin ido, ga shi kuma tana mutuwa a tsakiyar aiki.

Ba sai an sayi ƙyallen zane mai tsada ba. A je wurin kafinta ya yanko silin na katako daidai girman zanen. A dama farin fentin bango na ruwa da ɗan farin gam na kafinta, a shafa sau uku, ana bari ya bushe tsakani, a goge da samfefa mai laushi. In an fi son ƙyalle, akoko mai kauri ya isa, a ja shi a kan katako huɗu har ya yi ƙara kamar ganga, a yi masa wannan shafi. Dalilin shafin shi ne, in mai ya taɓa zare ko katako kai tsaye, sai su shanye shi, launi ya dushe, daga baya ƙyallen ya ruɓe.

Fenti kala biyar sun isa: fari, shuɗi mai duhu, rawayar ƙasa, jar ƙasa, da ruwan ƙasa mai duhu. Masu sayar da kayan zane a Sabon Gari ta Kano ko Samaru ta Zariya suna da su cikin 'yan bututu kamar na man goge haƙori. A sayi fari babba, gama shi yake fara ƙarewa. Gida uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya tare, ko Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin aji guda. Mai sayarwa zai so ya haɗa ku da akwati mai kala goma sha biyu. Ku gode masa ku wuce. Mai koyo da kala goma sha biyu kamar amarya ce da aka cika wa ɗaki da kayan yaji, kome sai ta zuba a miya ɗaya. Buroshi uku: babba mai faɗi, matsakaici, da ƙarami mai tsini. Tsohon farantin tangaran ko gilashin taga ya isa wurin dama launi.

Sai batun mai, a nan ne mutane sukan yi hasara. Man da ake dama fentin nan da shi sunansa linsid, daga irin wani tsiro ake matse shi. Halinsa shi ne in ya sha iska yakan daskare ya zama fata mai ƙarfi. Man gyaɗa ba ya yin haka, manja ba ya yi, man kaɗanya ba ya yi. Wanda ya ce zai yi dabara da man gyaɗa zai jira har wata damina zanensa yana danƙo, ƙuda da kiyashi suna biki a kai. A sayi ƙaramar kwalbar linsid tare da ta tafentin, wanda ake tsinka fenti da shi. Kananzir ya isa wanke buroshi, a bi da sabulu. Wanda bai sami fentin bututu ba yana iya gwaji da fentin ƙofa na gwangwani, irin wanda masu zanen bayan manyan motoci suke aiki da shi. Yana zuba, yana kuma saurin kamawa, amma mutanen nan sun zana zakoki da dawaki da shi waɗanda muka gani da idonmu a hanyar Jos, ba mu kuwa raina su ba.

Ranar farko ba a taɓa launi. A tsinka ruwan ƙasa da tafentin har ya zama kamar shayi, a shafe allon duka, gama farin allo yana tsorata mai koyo, yana kuma sa kowane launi ya yi kamar ya fi duhu. In ya bushe, a ja layi a kan kwafin baƙi da fari, a raba shi gida huɗu a kwance, biyar a tsaye. A yi wa allon haka da gawayi. Sa'an nan a bi gida gida: a ina gindin itacen ya tsaya, a ina bakin kogi ya yanka layi, a ina sama ta haɗu da ƙasa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon mai koyo yakan ƙara wa abin da yake so girma. In ba a ja layin nan ba, Hajaratu za ta fito ta fi itacen tsawo.

Rana ta biyu, har yanzu ruwan ƙasa kaɗai. A lumshe ido rabi a dubi kwafin, har ganye da gada da mutane su ɓace, ya rage duhu da haske kawai. Za a ga abu uku: duhu sosai a gaba, matsakaici a tsakiya, haske a nesa. A sa duhun inda yake, a goge haske da tsumma. Wannan mataki shi ne rabin aikin, shi ne kuma yara suke ƙi, don ba ya burge kowa. Malamin da ya bar su suka tsallake shi ya cuce su. A ajinmu mukan jingina allunan a bango mu koma ƙofa mu duba. Wanda nisa bai fito a cikinsa daga ƙofa ba, ba ma ba mai shi shuɗi.

In wannan ya bushe sai launi, ana farawa daga nesa a taho kusa. Sama tukuna. Yara sun ɗauka sama shuɗiya ce daga bisa har ƙasa, kamar an rina ta a Ƙofar Mata. Ku sa su dubi ta Kulod. Shuɗin yana can bisa, kuma ko shi an kashe shi da fari. Tana gangarowa tana yin fari, har kusa da duwatsu ta koma kamar madara da aka ɗiga wa rawaya. Duwatsun nesa kuwa da launin saman ake yin su, a ƙara ɗan shuɗi kaɗan, kada a ja musu baki mai kaifi. Dalilin haka, tsakanin idonka da dutse mai nisa akwai iska mai yawa da tururi da ƙura, su suke cinye duhun abu su bar shi fari-fari, shuɗi-shuɗi. Kome ya yi nisa, launinsa yakan yi sanyi, gefensa ya yi laushi. Kome ya matso, sai ya yi duhu, ya yi ɗumi, ya yi kaifi. Wanda ya gane wannan ya sami mabuɗin zanen fili duka.

Kore ba a saye shi ba, haɗa shi ake yi: shuɗi da rawaya, a ɗiga jar ƙasa don kada ya yi ihu kamar fentin ƙofar shago. Na tsakiyar zane a sa masa fari da shuɗi, na gaba a sa masa ruwan ƙasa. Baƙi ma haɗa shi ake yi, shuɗi da ruwan ƙasa mai duhu, ya kuwa fi na bututu rai. In an zo kan manyan itatuwa kada a ƙirga ganye. A sa duhun itacen dunƙule guda, a bari ya sha iska, sa'an nan a ɗora ganye masu haske a gefen da rana take bugawa kaɗai. A bar 'yan ƙofofi inda sama take leƙowa, gama itacen da tsuntsu ba zai iya ratsawa ba dutse ne.

Akwai doka ɗaya da ba a karyawa: shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na bisa ya fi kauri da mai. Maginin ƙasa ya san dalili. Ba ya ɗora sabon layi a kan wanda bai sha iska ba. In na bisa ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsage. Ruwan ƙasa yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, fari kuwa yakan ɗauki kwanaki. Saboda haka zanen nan aikin mako uku ne ko huɗu, ana yi ana bari. Da hunturu a juya fuskar allon ga bango, a jingina shi a karkace, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti, ba kuwa mai fitar da ita.

Hajaratu da mala'ika su ne na ƙarshe, da ƙaramin buroshi, ɗigo kaɗan. Kada a nemi yi musu ido da hanci. Wanda mutanensa suka fito a karkace kada ya damu ƙwarai. Masana sun daɗe suna cewa Kulod kansa bai iya mutane kamar yadda ya iya itatuwa da haske ba.

Iyaye mata, ga naku. A yi aikin a inuwar waje ko kusa da taga, don warin tafentin yana sa ciwon kai. Kwalbar kananzir kada ta zama ta lemo, kada kuma ta kwana inda ƙaramin yaro zai kai hannu. Tsumman da ya sha linsid kada a cusa shi cikin kwali, gama yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a fili ko a jiƙa shi da ruwa. Kada yaro ya gyara bakin buroshi da leɓe, kada ya ci abinci bai wanke hannu ba. Waɗansu fenti suna da dalma a ciki, mun kuwa tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010.

In an gama, a juya allon a rubuta a baya: kwaikwayon zanen Kulod Loren na 1646, da sunan wanda ya yi, da kwanan wata. Kulod ya sha fama da masu sayar da jabu da sunansa tun yana da rai, har ya buɗe littafi yana zana ƙaramin kwafin kowane aikin da ya fita daga hannunsa, wajen 200, littafin yana nan a Landan har yau. Kwaikwayo don koyo halal ne. A ce na wani naka ne, wannan doka ta takwas da ta tara ya taɓa gaba ɗaya.

To, an gama kwafi, an rataye, baƙi suna yabo. A nan ne haɗarin yake. Yaron da aka yaba wa kwafi zai so ya yi wani, da wani, har ya tsufa yana zana gadojin Italiya. In haka ta faru mun sāke kalanda ne kawai, mun yi hasarar fenti. Ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sun ga wannan rami. A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma abin ƙasarsu za su zana. Daga baya Onobrakpeya ya zana hanyar gicciye domin wata majami'a a Legas, da yawa cikin mutanen ciki da kamannin mutanenmu da tufafinsu. Saboda haka kwafi ɗaya, in ya yi yawa biyu, sa'an nan a fita waje.

A yanka taga a jikin kwali, girman tafin hannu, a tsaye kamar zanen Kulod. A tafi da ita bakin Tiga da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da inuwa take da tsawo. Da tsakar rana kome a baje yake, ba abin zanawa. A miƙa hannu, a rufe ido ɗaya, a yi ta juyawa har a sami itace mai duhu a gefe, ruwa a tsakiya, tudu a nesa. Za ku ji yaron ya ce, “Malam, ga shi nan!” Abin da ya yi mako huɗu yana bi a kan silin, ashe yana bayan gidansu. Mutanen Kiru ba su da babban ruwa kamar Tiga a ƙofar gida, amma suna da fadama da gonakin rake, da jerin giginya. Na Tudun Wada suna da fadamun shinkafa da bakin dajin Falgore, wanda dā ake kira Kogin Kano. Ba mu ce a kai yara cikin dajin ba, daga gonakin gefe ma ana ganin abin da ake bukata. 'Yan Doguwa kuwa sun fi kowa sa'a. Duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, suna jere bayan juna, na gaba da duhu, na baya da shuɗi, na bayansa kamar hayaƙi, sai ka ce don darasin nan aka ajiye su.

A nan yaron zai tarar akwai abin da Kulod bai koya masa ba, sai ya buɗe idonsa. Ƙasarmu ja ce, jar ƙasa za ta ƙare kafin shuɗi. Da hunturu nesa ba ta yin shuɗi, fari take yi mai ruwan toka, rana kuma ta zama kamar farin faranti da ake iya kallo. Kuka da rani ba ta da ganye ko ɗaya, rassa ne kawai da 'ya'ya suna reto. Ɗorawa tana baje kai kamar laima, kaɗanya a dunƙule take, tsamiya ta fi su duka duhu. Ga kuma gawo, wanda ya saɓa wa kowa: da damina, sa'ad da duniya ta yi kore, shi a tuɓe yake, sai rani ya yi ya fitar da ganye. Yaron da ya zana gonar gero da gawo mai ganye a tsakiya, daga ka ya zana, bai duba ba. Kowane manomi a ikilisiya zai kama shi, ya kuwa kamata a bar manoman su yi gyaran, ko da ba su taɓa riƙe buroshi ba. A 1821 da 1822 Kwanstabul ya yi ta zana gizagizai, yana rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska take busowa a bayan takarda. Mu da muke da hadarin gabas na watan Yuni, wanda yake tasowa baƙi ƙirin da jar ƙura a gabansa, wa ya taɓa zama ya zana mana shi?

Wani abu kuma. Kulod bai taɓa ganin jejin Shur ba. Ya sa Hajaratu cikin ni'imar ƙasar Roma, ga kogi, ga inuwa, har mutum ya ce me ya kore ta daga nan. 'Yarmu da take ɗaukar tulu a watan Maris ta fi shi sanin abin da maɓuɓɓuga take nufi ga mace mai ciki da ta yini tana tafiya. Ran da ta zana Hajaratu a gindin aduwa, ƙaya ko'ina, da ɗan ruwa a cikin yashi, za ta faɗi abin da gwanin bai iya faɗa ba, da dabarar da ta koya a wurinsa. Don haka kada a ce aikin na 'yan maza ne, a bar 'yan mata da wanke-wanke.

Muna kuma gaggawa ne saboda ƙasar tana sākewa a gabanmu. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ta kawo noman rani da kifi, mun gode. Amma akwai garuruwa da gonaki da kukoki a ƙarƙashin ruwan nan, tsofaffin da aka tashe su kuwa suna ƙarewa. In ka tambaye su yadda wurin yake dā, sai su nuna ruwa da sanda. Yau ma ɗorawa da kaɗanya suna tafiya cikin buhunan gawayi, a bakin hanya muke ganinsu. Waya tana ɗaukar hoto, gaskiya ne, amma hoton yakan tafi tare da wayar ran da ta faɗa rijiya, kuma mai ɗauka bai tsaya ya duba ba. Wanda ya yi kwana uku yana zana ɗorawar gonar kakansa ya san kowane reshe nata, da wuya kuma ya yi shiru ran da aka zo da gatari.

Hutun Kirsimati ya isa a gama kwafin, in an fara shafin silin tun makon farko na Disamba. Malaman Makarantar Lahadi su karanta Farawa 16 tare da yara kafin a ja layi ko ɗaya. Zanen waje kuwa a fara shi a ƙaramin allo, kamar rabin na farko, a gama shi a zama biyu, a wuri ɗaya da sa'a ɗaya. Wanda ya gama nasa ya kai wa fastonsa, a aiko mana da hotonsa ta ofishin mujalla, tare da sunan garin da sunan itacen da ke ciki. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu ɗauki batun ruwa: yadda ake zana inuwar itace a cikin tafki, da abin da ya sa ruwan Tiga na watan Agusta ba launinsa ɗaya da na watan Janairu ba.